Zaren Bahaguwa

Asabar, 18 ga watan Akrab na gab da sanyi, da hantsi

Bana shekara hamsin da biyu ke nan da sanyin da ƙanƙara ta ɓalle daga dutse ta binne gidan niƙa na bakin rafi, har da jakuna uku da alkamar rabin ƙauyen nan. In wani ya ce maka hamsin da ɗaya ne, to daga bakin maƙwabcina Barat ya ji, Barat kuwa ko shekarun 'ya'yansa wurina yake zuwa tambaya. Da ƙanƙarar ta narke aka kawo mini Tajwar. Tun daga ranar ita ke kaɗi, ni ke saƙa. Ban taɓa ɗora zaren wata mace a kan tsinkayena ba.

Ban zauna gaban malami ba. 'Yarmu Marziya ce ta koya mini baƙaƙe da gawayi a bangon ɗakin tumaki lokacin tana aji uku, tana buge mini hannu in na karkace. Wannan tsohon littafinta ne. Ina rubutu ne don gidan ya yi shiru, muzurun nan kuma ba ya amsa magana. Tajwar ce ta sa masa suna Arbab, wai shi ne mai gari: wurin da ya fi ɗumi nasa ne, aiki kuwa na talakawa.

Yau kwana uku da aka tafi da Tajwar birnin Bamiyan. Mazarinta yana nan inda ya gangara, ƙarƙashin akwati. Ban ɗauka ba. Ba ta son a taɓa mata kaya.

Rigar sanyin da nake saƙa mata: gaba ya ƙare, baya ya ƙare, hannun dama ya kai rabi.

Lahadi, 19, bayan azahar

Barat ya hau tudun maƙabarta inda waya ke kamawa, ya sauko yana haki.

"Baban Marziya, ajiye tsinkayen nan ka ji. 'Yarka ta ce an sallame su daga asibiti, suna gidanta. Ta ce motar Kambar za ta sauka birni ranar Talata, ka shigo."

Na ce, "An sallame ta? To alhamdu lillahi, sauƙi ya samu."

Ya tsaya yana kallon takalminsa. "Ba irin wannan sallamar ba ce, Iwaz."

"Sallama iri nawa ce? Yaushe ka zama likita, kai da ka ɗura wa akuyarka kananzir don tana tari?"

"Akuyar ai ta warke."

"Ta warke a tukunya."

Bai yi dariya ba. Na ce masa sai rigar ta ƙare. Ba zan je mata hannu rabbana ba.

Ga yadda aka yi, don kada wani ya ce taurin kai ne. Ranar da muka yi wa tumaki aski bana, tana tsefe gashin jar tunkiyar nan, ta ce da ni ba tare da ta ɗago ba, "Iwaz, ka tufatar da liman, ka tufatar da Kambar mai mota, ka tufatar da jikokin mutanen da ko gaisawa ba kwa yi. Ni kuwa shekara hamsin ina yawo cikin mayafin uwarka, Allah ya jiƙansu, ita da mayafin." Na ce ai ba ki taɓa tambaya ba. Ta ce, "Liman ya tambaya?" Nan na yi mata alkawari: kafin ƙanƙarar fari ta sauka za ta sa riga ta gashin jar tunkiya, kaɗinta, saƙata. Alkawari na ɗauka. Ba taurin kai ba ne.

Talata, 21, da safe

Mota ta sauka. Na ba Kambar kurut, busasshen nononmu, da man shanu ya kai musu. Ya ce, "Gaban motar fa na ajiye maka." Na ce ya sa buhun dankali a wurin, ya fi ni nauyi, ya fi ni shiru.

Laraba, 22, da la'asar

Hannun dama ya ƙare. Na shimfiɗa rigar a kan barak, bargon ulunmu mai kauri, na duba, ko idon saƙa ɗaya bai fi ɗan'uwansa girma ba.

Zaren da ya rage bai kai ƙwan kaza ba.

Dunƙule tara na ce mata tun farko. Bakwai ta ba ni, ta ce sauran biyun na nan tafe. Na duba kwandonta, na duba cikin akwati, na duba alkukin taga. Babu. Arbab ne kawai a kwandon, ya buɗe ido ɗaya ya dube ni kamar na zo ƙara.

Saura hannun hagu.

Alhamis, 23, bayan magariba

Yau ce kasuwar ulu, ta ƙarshe kafin sanyi ya rufe kwari. Na tafi da jaki tun sanyin safiya. An cika kamar kowace shekara: masu barak, masu safa, masu rini da tukwanensu, mai shayi yana ihu kamar gidansu ne ke cin wuta. An rataya zare a igiya daga bishiya zuwa bishiya, fari da baƙi da ja da ruwan toka, tsofaffi suna bi suna murzawa suna yanke hukunci a kan matan da ba su taɓa gani ba.

Ni ma na bi. Kowane dunƙule na kama na warware taƙi guda na duba. Dama. Dama. Dama.

Duk matan kwarin nan dama suke murza mazari. Tajwar bahaguwa ce. Tana ƙarama uwarta ta sha ɗaure mata hannun hagu a ƙugu, bai hana ba, da an kwance sai ya koma aikinsa. Zarenta hagu yake murɗewa. Ubana kuwa, wanda ya sa mini tsinke a hannu a bayan tumaki, ya ce da ni: kada ka haɗa zaren hagu da na dama a riga ɗaya, faɗa za su yi har rigar ta mutu.

Wani mai shago ya jawo ni, ya buɗe mini zaren kamfani cikin leda. "Baba, ga kalar da kake nema, ba ya kaɗewa, asu ba ya ci."

Na ce, "Abin da asu ya ƙi, ni zan sa wa matata?"

Haji Sarwar da ke sayen safata kowace shekara ya hango ni. Shi mai ido ne. Kullum nakan rataya dunƙulenta guda a gefen jaka, shi kuma ya kira mutane ya ce ku zo ku ga zare. Ya duba gefen jakar, ya dube ni.

"Iwaz, ina zaren bahaguwa bana?"

"Ta je ganin 'ya."

"A wannan lokacin? Ana shirin sanyi?"

"'Ya ba ta da lokaci."

Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Ashe ya ji. Kowa ya ji. Na dawo ban sayi ko taƙi ba.

Asabar, 25, da azahar

Bahtawar matar Barat ta shigo da kwanon ash, miyar taliya, mai zafi da dunƙule guda a haɓar mayafi. Ta ce gashin ɗiyar jar tunkiyarmu ne, wadda muka ba su bara, ta kwana biyu tana kaɗawa. Kalar kam ita ce. Ban so in kunyata ta ba, na ɗora a gabanta.

Zagaye uku na yi. Hannuna ya saba da na hagu, yadda nake naɗa shi a tsinke ƙarfi yake ƙara masa. Wannan kuwa sai warwarewa yake yana rabewa biyu, tsinke na shiga tsakiyarsa. Da na ɗaga na duba, saƙar ta ja gefe guda, ta karkace kamar bakin…

Ta karkace dai. Na warware.

Bahtawar ta ce bari ta gwada murzawa hagu. Sau huɗu mazari yana faɗuwa. Na biyar ta zauna ta dafe gwiwa.

"Yaya Iwaz, in faɗa maka gaskiya?"

"In ta ash ce, gishiri ya yi yawa."

"Ita fa ba riga take jira ba."

Na ce gishiri ya yi yawa. Ta ɗauki dunƙulenta ta fita, ta bar kwanon.

Lahadi, 26

Arbab ya ƙi cin abinci. Ban matsa masa ba.

Litinin, 27, da la'asar

Barat ya ja ni har kan tudu, wai Marziya ta ce ba za ta ƙara aiko da saƙo ba, da kunnena take son magana. Iska kamar wuƙa. Ya danna ya miƙo mini.

"Ata."

"Na'am, 'yata. Yaya yara? Yaya Didar?"

"Ata, bar zancen mijina. Jiya cokali biyu ta karɓa. Magana ba ta fita. Amma duk wanda ya taɓa ƙofa sai ta juyo da ido, in ta ga ba kai ba ne ta mayar bango. Gobe akwai mota."

"Saura kaɗan rigar."

"Wace riga, Ata? Bargo uku na rufa mata!" Sai ta ce, "Bari in sa mata a kunne. Yi mata magana, tana ji."

Na ji numfashi. Nata ne, ko cikin mutum dubu zan gane shi. Ina tsaye tsakanin kaburbura, Barat ya juya mini baya don ya ba ni wuri. Shekara hamsin da biyu, ban taɓa rasa abin da zan ce mata ba, ko na faɗa ne. Na buɗe baki.

Na ce, "Tajwar, ina kika ajiye sauran dunƙule biyun?"

Abin da na ce ke nan. Numfashin ya sake. Sai muryar Marziya tana kuka, "Allah ya yafe maka, Ata," ta kashe.

A hanyar saukowa Barat ya ce, "Wallahi da jakinka aka ba wa wayar da ya fi ka iya gaisuwa."

Na ci gaba da tafiya, ya sha gabana.

"Tsaya nan, kan dutse. Tun muna tsirara na san ka. Hannun hagun nan da kake ta mutuwa a kai, me za ta yi da shi? Ya shanye, Iwaz! Ɓarin nan duka ya shanye, ni na kama ta muka sa a mota, kai kana tsaye kana riƙe da ƙofa. Ɗinke ramin ka kai mata da hannu ɗaya!"

Na ɗaga sanda. Ban buga ba. Na ce kada ya ƙara taka mini ƙofa, shi da matarsa da gishirinsu.

Talata, 28

Mota ta sauka.

Laraba, 29, da hantsi

Na tuɓe tawa rigar, baƙar nan. Ita ce ta farko, zaren da ta kaɗa tana amarya, tana ɓoye mazari a bayanta in uwata ta shigo don kada a ce an kawo bahaguwa gida. Na ce in warware hannu guda in yi amfani da shi, ko kalar ba ta zo ɗaya ba. Na yanke bakin, na ja. Bai zo ba. Gumi da wanki da shekaru sun haɗe shi ya zama kamar barak, babu farkon zare babu ƙarshe. Na ɓata bakin hannun a banza. Na mayar na sa.

Matar jikan Haji Sarwar ta aiko a tambaye ni shekarar da aka haifi mijinta, wai ana nema a takarda. Na ce shekarar da kyarkeci ya shiga garken liman, na saƙa masa safa ja mai ƙahon rago a dunduniya, shekara ashirin da shida. Wannan na tuna. Komai na tuna. Mutane suna ganin baiwa ce.

Juma'a, 1 ga watan Kaus, da safe

Kawunan duwatsu sun yi fari. Ƙanƙarar ba ta sauko kwari ba tukuna. Ba a lissafa ta kan dutse.

Kambar ya ce a masallaci Talata mai zuwa ce ta ƙarshe, daga ita mashigin dutse zai toshe sai bayan sanyi. Ba da ni yake ba, amma ni yake kallo.

Asabar, 2, da la'asar

Akwai maganar da na yi ranar da muka gama haƙar dankali. Ba zan rubuta ta ba.

Na share ɗaki. Na zagaye akwati da tsintsiya.

Lahadi, 3, da azahar

Tun safe Arbab yake tono a bayan rumbun gari. Na ɗauka ɓera ne, na ce to mai gari, yau ka tuna kana da aiki. Sai ga shi ya fito da baya-baya yana jan bakin zare a farce. Ja. Na jar tunkiya.

Na durƙusa na zura hannu har kafaɗa. Tsohon ɗankwalinta ne mai fure, an ƙulle bakinsa da kyau. Dunƙule biyu.

Na kai su taga. Hagu suke murɗe, nata ne. Amma nan kauri kamar ɗan yatsa, nan siriri kamar gashin kai, nan ƙulli, nan wurin da ya tsinke aka haɗa. Na bi zaren da yatsa taƙi bayan taƙi. Na farko farkonsa lafiya lau, sai can tsakiya ya fara tuntuɓe. Na biyu tun daga farko har ƙarshe faɗuwa yake yana tashi. Wurin haɗi goma sha tara na ƙirga. Sau goma sha tara mazari ya kuɓuce mata, ta sunkuya ta ɗauka.

To zan rubuta.

Ranar da muka gama haƙar dankali ta miƙo mini dunƙule na takwas. Na murza, na ɗaga a gaban haske kamar yadda tsofaffin kasuwa ke yi, na ce, "Wannan zare ne ko hanjin akuya? Tsufa ne ko ganda? Ba da wannan za a ce Iwaz ya yi saƙa ba." Na jefa mata a cinya. Ba ta ce komai ba, ita da ba a bin ta bashin magana. Ta ɗauka da hannun dama. Da hannun dama ta ɗauka, na gani da idona, ban tambaya ba.

A satin ta fasa kofin shayi biyu. Na ce kofi ba a gona ake shuka shi ba. Ta koma kaɗi tana juya mini baya, tana fuskantar bango, na ɗauka fushi ne. Kwana arba'in ke nan kafin ranar da ta faɗi a bakin tanderu. Kwana arba'in hannun yana faɗa mini, zaren yana faɗa mini, ni da nake gane kaɗin kowace mace a kwarin nan da ido rufe. Mota tana sauka kowace Talata.

Ba rigar ce ta hana ni zuwa ba. Hannun ne ba na iya kallo.

Lahadi, bayan la'asar

Na ɗora. Ido sittin da huɗu daga kafaɗa.

Ba ya rabewa, ba ya gardama, ya san tsinkayena. Inda ya yi kauri saƙar ta kumbura, inda ya sirance haske yana ratsawa. Da farko na fara jan na siririn ina sassauta na kaurin don su daidaita. Sai na bari. Yadda ta kaɗa haka zan saƙa.

Arbab ya ci gurasa da madara.

Litinin, 4, da hantsi

Barat ya shigo ba sallama, ya zauna a wurin muzuru, ya zuba wa kansa shayi.

Na ce, "Ba na ce kada ka ƙara taka mini ƙofa ba?"

"Ban taka ba, tsallakewa na yi."

Ya jawo rigar ya shimfiɗa a gwiwa. Ya shafa hannun dama, ya shafa na hagu. Ya daɗe a kan na hagun.

"Iwaz, tunda uwarka ta haife ka ba ka taɓa yin saƙa mai muni irin wannan ba."

"Na sani."

"Nata ne?"

"Nata ne."

Ya share hanci da hannun rigarsa, wadda ni na saƙa masa, shekarar da rafi ya ci gadar katako. Ya ce ya hau tudu da sassafe. Tun jiya ruwa kawai take karɓa. Marziya ba ta ce in zo ba wannan karon, ba ta ce komai a kaina ba. Ta ce yatsun sun dunƙule, ko ita ba ta iya buɗe su.

Na ce, "Ka ce wa Kambar ya sauke buhun dankalin."

Ya ce, "Tun wancan satin bai ɗora ba."

Litinin, da la'asar

Ƙanƙara ta fara sauka, ƙanana-ƙanana, tana narkewa kafin ta taɓa ƙasa. Ba a lissafa wadda ba ta kwanta ba. In ta kwanta kafin safe, to na karya alkawari, sai in faɗa mata da bakina. Akwai wata maganar ma da zan faɗa kafin wannan.

Hannun ya kai gwiwa, na tsaya. Zare zai isa, ba shi ba ne. Na dama a jikina na auna shi na rage yatsa uku, haka tsawonta yake tun tana amarya. Na hagu kuwa ban san yadda ya koma ba. Ba a saƙa wa hannu riga da ka.

Ban sani ba ko za ta juyo da ido. Ban sani ba ko zan tarar da idon. In ba ta gane ni ba za ta gane zarenta.

Gobe da asuba zan kai wa Bahtawar muzuru da makullin ɗakin tumaki, in mayar mata da kwanonta, in ce gishirin daidai ne. Zan durƙusa in ciro mazarin daga ƙarƙashin akwati in sa a aljihu. Zan tsaya a bakin hanya tun kafin Kambar ya tada mota. In na isa, ba zan bari Marziya ta taya ni ba. Ni zan ɗauki hannun nan da kaina in sa shi cikin rigar, da tsinkayen a jikinta, in zauna a ɓarin hagu in ƙarasa a kansa.